Sochaux da Mulhouse: yadda ake riƙon tsohuwar Fijo a ƙasar da aka haife ta

Jirgin ƙasa mai sauri da ke tashi daga tashar Gare de Lyon a Paris yana sauke mutum a Belfort-Montbéliard cikin kimanin awa biyu da rabi. Tashar a tsakiyar gonaki take, ba a cikin Belfort ba, ba kuma a cikin Montbéliard ba, don haka wanda bai tanadi mai ɗaukarsa ba sai ya jira bas ko ya biya tasi kuɗi mai zafi. Daga nan zuwa Sochaux bai kai rabin awa a mota ba. Garin ƙarami ne, masana'antar Peugeot da aka kafa a 1912 ta kusa haɗiye shi, filin ƙwallon ƙungiyar garin ma a jikin masana'antar yake. Musulmin da zai je ya lura da abu ɗaya: tsiran da Montbéliard ta yi suna da shi na naman alade ne, kuma yana shiga cikin abinci iri-iri ba tare da an ambata ba. Amma mahautan halal ba su da wuyar samu, saboda tun da daɗewa mutanen Maroko da Aljeriya da Turkiyya suka zo aikin masana'antar suka zauna.

Gidan tarihin kamfanin, Musée de l'Aventure Peugeot, an buɗe shi a 1988. Da ka shiga ba mota za ka fara gani ba. Zarto ne, da injin niƙa kofi, da na niƙa masoro, da keken ɗinki, da kekuna. Zuriyar Peugeot maƙera ne tun 1810, lokacin da suka mayar da wani injin niƙa hatsi wurin sarrafa ƙarfe, kuma zakin da muka sani a goshin mota an yi masa rajista a 1858 don kayan ƙarfe irin su zarto, shekaru talatin kafin su taɓa mota. Na wuce motocin farko da ɗan sauri, in ban da guda ɗaya da aka ƙera wa Sarkin Tunis a 1892, wadda aka zane jikinta da furanni. Sai 201 ta 1929, wadda daga kanta aka fara lambar nan mai sifili a tsakiya, da 402 Eclipse mai rufin ƙarfe da ke zamewa ya shige but tun shekarun 1930. A sashen tsere akwai 205 Turbo 16, irin wadda Ari Vatanen ya ci Paris-Dakar da ita a 1987, tseren da ya ratsa hamadar Nijar.

Inda ƙafata ta tsaya shi ne layin 404 da 504. An fito da 404 a 1960, ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ita kuwa 504 ta fito a Satumbar 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson, sannan mai ƙofa biyu mai injin V6 ta sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. A wannan 1975 ɗin ne masana'antar Kakuri ta Kaduna ta fara harhaɗa ta, kuma a farkon al'amarin jiragen dakon kaya na kamfanin UTA ne ke kwaso kayan daga Lyon su sauke a Kano, sannan a bi da su ta hanya. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, Kenya ta ci gaba har 2004, Kaduna har wajen 2006. Wato motar da Bafaranshe ke tsayawa yana kallo a bayan igiya, a wajenmu har yanzu wata tana lodin buhunan albasa, wata kuma tana ƙarƙashin dalbejiya kaji na ƙwai a kujerar baya.

Gidan tarihi yana nuna yadda mota take ranar da aka gama ta. Yadda ake riƙe ta kuwa sai a wurin masu ita. A garuruwa da yawa na Faransa akwai al'adar haɗuwa da safiyar Lahadi, galibi sau ɗaya a wata, a dandalin gari ko filin ajiye motoci na wani kanti. Babu tikiti, babu alƙali. Wani bazamagare da ya daɗe yana aiki a yankin shi ya kai ni ɗaya a wani ƙauye kusa da Montbéliard. Akwai 203 da 403, da Renault 4, da Citroën DS, da 504 kala-kala. Yawancin masu motocin dattawa ne, wasunsu a masana'antar suka yi ritaya.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda suke duba mota. Mu daga fenti muke farawa, sai sautin inji. Su durƙusawa suke yi su leƙa ƙasa. Dalili kuwa gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara: yana narkewa ya shiga kowane lungu na bodi, ya ci ƙarfen daga ciki. A jikin 504 wuraren da tsatsa ke kamawa sanannu ne, kuma wani dattijo mai 504 samfurin GL ta farkon shekarun 1970 ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa: dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, wuraren kafa jak, saman da shakazoba ta gaba ke ɗaure a cikin ɗakin inji, gindin gilashin gaba, ƙasan ƙofofi inda ramukan fitar ruwa ke toshewa, daɓen but, sai kuma inda ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya ya haɗu da bodi. Wannan na ƙarshen shi ne mai kashe mota, don idan ya ruɓe gyaransa ya fi kuɗin motar. Yana yawo da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Ya ɗora a jikin ƙofa ya kama, ya matsa ƙasa kaɗan a jikin wata motar da aka kawo sayarwa, sai ya sulale ya faɗo. Wurin foti ne aka cika aka shafe da fenti. Fotin da ya wuce kaurin milimita biyu zuwa uku ba gyara ba ne, ɓoye ciwo ne, kuma ruwa na zama a bayansa.

Da suka ji daga Nijeriya nake, tambayarsu ɗaya ce: bodi. Shin da gaske ne akwai 504 da ba ta taɓa ganin walda a ƙasanta ba? Akwai, kuma da yawa. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi ba ta san gishirin titi ba, damina wata huɗu ce, sauran shekara ƙarfe a bushe yake. Abin da suke kashe dukiya suna nema, mu muna da shi a banza. Namu ciwon a wani wuri yake: rana tana fasa dashbod ta busar da robobi, ƙura tana cin inji, ramuka suna tsaga bodi a gindin shakazoba, ragowar kuma hannunmu ne ke ƙarasawa.

Dattijon ya gayyace mu garejinsa bayan an watse, inda ya buɗe injin wata 504 ɗin ta biyu. Injin fetur ne mai cc 1971, wanda ake kira XN1, a kwance yake a karkace zuwa dama, bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe, kansa na alminiyam. Duk bakaniken Panteka ko Ƙofar Ruwa ya san shi kamar yunwar cikinsa, amma akwai wurare uku zuwa huɗu da na ga bambancin hannu ƙarara.

Na farko silif, bututun da fistin ke sintiri a ciki. A wannan injin silif ɗin ba a manne yake da bulok ba, zura shi ake yi, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi kai tsaye, kuma a gindinsa akwai siririn abin toshe ruwa. Kan inji ne kawai ke danne shi. Saboda haka idan za a cire kan, ba a ɗaga shi sama kai tsaye, don gaskit na iya manne wa silif ya taso da shi. Ana kwance notuna, a girgiza kan zuwa gefe har ya saki, sannan a ɗauke. Ana ɗaukewa kuma sai a danne silif huɗun da manyan wasa da notuna kafin kowa ya taɓa komai. A garejin dattijon na ga wasu ƙarafa biyu da ya yanka musamman don wannan aiki, a ɗaure a kan bulok. Idan aka juya inji alhali silif ba a danne ba, fistin zai tura shi sama ko da kaurin gashi ne, tsatsa da yashi su faɗa mazauninsa, ya koma bai zauna daidai ba. Za a rufe inji lafiya, bayan kwana kaɗan baƙin mai ya koma fari-fari saboda ruwa ya sauka cikinsa, a ce gaskit ɗin jabu ne, a sake sayen wani, a sake maimaitawa. Sannan kowane silif dole ya ɗara saman bulok da ɗan kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma huɗun su yi kusan daidai da juna. Da agogon awo ake gwada wannan, ba da farce ba. Notunan kai ana ɗaure su ne daga tsakiya ana zagayowa waje, da sifana mai awon ƙarfi, a matakai. Bayan tafiyar kilomita 1,000 a bar injin ya kwana ya huce, a sake bin notunan, a sake saita bawul. Wannan komawar ta biyu ita ce kusan kowa ke tsallakewa a wajenmu, don da zarar mota ta bar gareji an yi sallama ke nan.

Bawul ɗin ana saita su inji na sanyi: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Mai mota yakan so inji shiru, bakanike kuma ya matse bawul don ya faranta masa. Bawul na hayaƙi idan ya yi zafi yana ƙara tsawo, in babu tazarar da zai cike sai ya kasa rufewa sosai, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone bakinsa. Ɗan ƙaran tak-tak da safe ba ciwo ba ne. Tazarar kwantak 0.40 ce, ta fulogi 0.6. Jerin tashin wuta 1-3-4-2, amma a lura, silinda ta ɗaya a baya take, wajen giyabos, ba wajen lagireto ba, kuma wanda ya saba da injin Japan yakan juya wayoyin ya yi ta neman laifin kwayil. Fulogin suna can ƙasan wasu dogayen bututu da suka ratsa murfin bawul. In robar bakin bututun ta bushe, baƙin mai yana taruwa a ciki ya jiƙa fulogi, injin ya riƙa tsallake. Robar ake canjawa, ba fulogin ba. A ƙarƙashin rota a cikin dilko akwai ɗan auduga da ke son ɗigon mai ɗaya zuwa biyu duk lokacin sabis. Idan ya bushe, ƙarafan da ke ƙara taimin yayin da inji ya ɗau gudu sai su maƙale, mota ta yi nauyi ta riƙa shan mai.

Sai ruwa. Ba wanda na gani a wurin yana zuba ruwan famfo a lagireto. Tataccen ruwa suke haɗawa da sinadarin hana daskarewa, su canja duk shekara biyu. Mu da ba mu da ƙanƙara mukan ɗauka sinadarin bai shafe mu ba, alhali rabin aikinsa hana tsatsa ne. Inda baƙin ƙarfe da alminiyam suka haɗu a cikin ruwa ɗaya, alminiyam ne ke cinyewa, shi ya sa ake buɗe kan injin 504 a tarar da hanyoyin ruwansa sun rarake har sun kusa taɓa bakin silinda. Ruwan rijiyar burtsatse kuma yana barin farin dutse a bututun lagireto, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Daga nan inji ya fara zafi, sai a cire tamostat a jefar, a ce an yi magani. Ba a yi ba. Lagireton na nan a toshe, an dai ƙara wata matsalar: inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, musamman da hunturu, fetur na wanke mai daga jikin silif, ringi na ci.

Fankar wannan mota ma abin kallo ce. Ba kullum take juyawa da ƙarfin inji ba. Akwai maganaɗisun lantarki a jikin fulin famfon ruwa, da ɗan gawayi da ke kai masa wuta, da makunni a jikin lagireto da ke jin zafin ruwa. Idan ruwa ya yi zafi sai makunnin ya ba da wuta, fanka ta kama. Abubuwan da ke lalacewa uku ne: gawayin ya cinye, makunnin ya mutu, ko tazarar da ke tsakanin fanka da maganaɗisun ta buɗe ta wuce milimita 0.3 zuwa 0.4. Dukkansu gyaran rabin awa ne. Ana iya ɗaure fankar ta riƙa juyawa koyaushe, kuma ni ban ga laifin wanda ya yi haka a Sakkwato cikin watan Afrilu ba, muddin bai yanke wayoyin ya zubar da kayan ba.

Man giya ya ba ni mamakin yadda suke tsantseni a kansa. Giyabos ɗin 504 mai giya huɗu baƙin mai irin na inji yake sha, lita ɗaya da ɗan ɗori, ba man giya mai kauri ba; in aka zuba mai kaurin giya takan yi tauri da safe. Injin kansa lita huɗu ne. Wanda ke da salun 404 ko 403 kuwa sai ya ƙara kula, don bakasul ɗin yawancinsu ba irin na sauran motoci ba ne: wani dunƙulen ƙarfe ne mai zare kamar noti yake juya faifan tagulla. Man giya na zamani yana ɗauke da sinadarin da ke cin tagulla idan ya yi zafi. Kamfanin ya tanadi mai na musamman da aka yi da man zurma, kuma ba a gauraya shi da man da aka tace daga fetur, don ba sa haɗuwa. Bakasul da yawa sun mutu ne a hannun mai kyakkyawar niyya da ya ga mai ya ragu ya cika da abin da ke kusa.

Birki bai ɗau lokaci ba. Man birki yana jan danshi daga iska, don haka duk shekara biyu ake zubar da shi ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba. In ba haka ba tsatsa ta kama fistin ɗin birki daga ciki. Salun masu faifan birki a ƙafafun baya, fistin ɗinsu yana haɗe da birkin hannu, sai an juya shi kafin ya koma ciki. Wanda ya danna shi da ƙarfin tsiya ya karya abin da ke saita shi.

Fetur kuwa kowa da tasa damuwar. A Faransa akwai mai ɗauke da kashi goma na barasar da ake tacewa daga hatsi da sauran amfanin gona, wanda suke rubuta wa E10, yana cin tsofaffin tiyo da fatar famfon mai, don haka masu tsofaffin motoci suna tsayawa kan mai lamba 98 kuma suna canja duk tiyon roba zuwa na zamani. Tamu damuwar datti ce da ruwan da ke cikin man jarka. Matata mai gilashi ko farar roba kafin famfo tana nuna abin da ke tahowa daga tanki. Motocin da aka yi don Afirka da yawa suna da matatar iska mai wanka da mai, wadda ta fi ta takarda jure ƙurar hunturu: a wanke ragar da kananzir, a zubar da laka, a zuba sabon baƙin mai daidai layin da aka zana, kada a wuce, don inji zai zuƙe rarar.

A kan teburin garejin akwai wani kundi mai kauri. Rasit ne na kowane abu da aka saya wa motar, da hoton kowane aiki kafin a yi da bayan an yi. A gefe kuma kwali cike da tsofaffin kayan da aka cire. Dattijon ya sa na'urar lantarki a cikin dilko a madadin kwantak, daga waje ba a gani, amma tsohon kwantak ɗin na cikin kwalin da takarda a ɗaure. Wannan ba son ransa kaɗai ba ne. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana da yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, kuma jigonta shi ne duk canjin da aka yi a rubuta shi, kuma in zai yiwu ya zama wanda za a iya warwarewa. A wurinta motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30, aka riƙe ta a kan asalinta, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Faransa ma shekara 30 ta ɗauka don ba mota takardar rajista ta musamman, bisa shaidar kamfanin da ya ƙera ta ko ta tarayyar masu tsofaffin motoci ta ƙasar, FFVE. Mai wannan takarda duk shekara biyar yake kai motarsa gwajin lafiya maimakon shekara biyu. Da wannan ma'auni, duk 504 da ta fito daga Kakuri a shekaru ashirin na farkon masana'antar ta riga ta cika shekarun. Sharaɗin asali ne ke kayar da mafi yawansu, don an cire injin an dasa na wata motar, an yanke daɓe don giyabos ya shiga, an jefar da na asalin wa 'yan gwangwan.

Mulhouse na gaba kaɗan, ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa ta Belfort, dab da iyakar Jamus da Suwizalan. Daga tasha tarago mai lamba 1 yana kai mutum har kusa da ƙofar gidan tarihin motoci na ƙasa. Labarin wurin ya fi na kowace mota da ke ciki. Wasu 'yan'uwa biyu masu masaƙun ulu, Hans da Fritz Schlumpf, sun yi shekaru suna sayen tsofaffin motoci a ɓoye suna tarawa a cikin wata tsohuwar masaƙa; a 1964 kaɗai Fritz ya kwaso Bugatti 30 daga hannun wani attajiri a Amurka. Kasuwancinsu ya durƙushe a 1976, suka tsere Basel, a watan Maris na 1977 ma'aikatan da aka bari ba aiki suka shiga ginin suka tarar da inda dukiyar ta tafi. Sun riƙe wurin kusan shekara biyu suna buɗe wa jama'a. Gwamnati ta sa tarin cikin kayan tarihin ƙasa a 1978 don kada a sayar da shi ɗaiɗai, aka buɗe shi a hukumance a 1982. Yau akwai motoci sama da 400 a jere a kan tsakuwa, ƙarƙashin ɗaruruwan fitilun da aka kwaikwayo daga gadar Alexandre III ta Paris, Bugatti kaɗai sun haura ɗari. Biyu daga cikin Bugatti Royale shida da ke duniya suna nan, masu injin lita 12.7, da ɗan gunkin giwa a goshi.

Kyau kam ba a magana. Amma bayan garejin dattijon, idona ya riga ya canja. Da yawa daga motocin an sabunta su ne a zamanin Fritz Schlumpf yadda ransa ke so, an shafe su da shuɗin fenti iri ɗaya, an sake kujeru, har sun fi ranar da aka ƙera su sheƙi. Masu harkar a yau sun fi daraja motar da fentinta na asali ya koɗe a kan wadda aka kankare aka sake, don fenti na farko da ɗinkin kujera na farko ba a yin su sau biyu. Muna da misalin haka a gida: baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashinta, kuma ba mai hankalin da zai ce a kai ta wurin mai gyaran bodi. Motar da mahaifin mutum ya saya sabuwa a 1979 ba ta kai wannan ba, amma hukuncin ɗaya ne: a wanke, a goge da man goge fenti, a tsayar da tsatsa inda ta fara, a bar sauran.

Wanda ke da irin wannan motar a ajiye shekaru, babban kuskure shi ne a kawo batir a murza makulli don a ji ko za ta tashi. Ringi na iya manne wa silif, sitata ta karya su a bugu ɗaya. A fara cire fulogi huɗun, a zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai gauraye da ɗan kananzir a kowace silinda, a bar shi kwana biyu zuwa uku. Sannan a juya injin da hannu ta notin fulin ƙasa, a hankali, zagaye biyu cikakku. In ya tsaya a wani wuri kada a tilasta, wataƙila bawul ne ya maƙale, a buɗe murfi a duba. A sauke tanki a wanke, don tsohon fetur yana zama danƙo ya toshe kafireto. A juye baƙin mai, a sa sabo da sabuwar matata, a canja fanbel da tiyoyin ruwa. A murza inji ba fulogi har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zaga, sannan a mayar da fulogi a tayar. In ya yi zafi a gwada matsin kowace silinda. Lambar kanta ba ta kai daidaiton muhimmanci ba, kada wata ta gaza sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari. Kada motar ta taka titi sai an buɗe birki ƙafa huɗu. Taya kuma a karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara goma ta gama aiki ko da zanenta bai taɓu ba. Girman asali na salun 175 ne a kan rim 14, mai noti huɗu.

Bayan ta tashi, tayar da ita minti biyar a tsakar gida kowane mako ya fi barin ta illa, don tururin ruwa yana taruwa a salansa da cikin mai ba tare da zafin da zai kore shi ba. Gara a fita da ita sau ɗaya ko biyu a wata a yi kilomita 20 zuwa 30. A ajiye ta a inuwa mai iska, ba a ƙarƙashin tamfol na leda da ke riƙe zafi yana goge fenti ba, a cire kan batir, a bar ta a giya da waigi a taya maimakon birkin hannu, a toshe bakin salansa da na matatar iska saboda ɓeraye.

Shagon gidan tarihin Sochaux da dillalan da ke harkar tsofaffin Fijo suna da kayan da aka sake ƙerawa, kuma abin da ya cancanci a ɗauko daga can shi ne wanda rana ta kashe mana: robar gilashin gaba da na baya, robobin ƙofa, cikakken saitin gaskit da abin toshe gindin silif, gawayin fanka da makunninta, kayan gyaran kafireto, robobin fistin birki. Kafin a tafi a ɗauki hoton farantin lambar mota da ke ƙarƙashin bonet, da lambar da aka buga a jikin inji, da sunan da ke jikin kafireto, Solex ne ko Zenith, don 504 ta canja kaya sau da yawa a tsawon shekarunta kuma mai shago lamba zai tambaya, ba shekara ba. Duk waɗannan suna shiga jaka ɗaya. Fenti da man birki da gwangwanin feshi kuwa a bar su a can, ba a yarda da su a kayan fasinjan jirgin sama.